Suffar da Ta Koma Matsala

Sunan garin Gwarzo, wanda yake kimanin kilomita 70 yamma da birnin Kano a kan hanyar da ta bi ta Rimin Gado ta ratsa ƙasar Kabo ta nufi Dayi, ya zo daidai da ɗaya daga cikin manyan kalmomin yabo na Hausa, domin gwarzo shi ne mutumin da ya tsaya a inda wasu suka ja da baya, ko a fagen fama ko a gona ko a gaban allo. Abin lura a cikin kalmar shi ne ba ta faɗin komai game da tsawon mutum ko launin fatarsa ko faɗin ƙirjinsa, ta yadda gajere baƙi mai sanƙo zai iya zama gwarzo ba tare da kowa ya ga wani abin mamaki ba. Haka 'yar'uwarta jarumi take a da, kafin sana'ar fim ta ɗauke ta ta ba 'yan wasa, har ta kai yau idan aka ce jaruma a gaban matashin Getso ko Garo, fuska ce take fara zuwa masa a rai, fuska mai haske da aka yi wa kwalliya, ba wata bajinta da aka yi ba. Kalmar da a da sai an yi aiki ake samunta ta koma kalmar da ake samu da kamanni, kuma wannan ƙaurar ma'ana ita ce hanya mafi sauƙi ta gane yadda mutum yake wayar gari yana ƙin jikin da yake cikinsa.

Hausa ba ta da kalma guda ta wannan hali. Akan ce mutum ya raina kansa, ko yana jin kunyar jikinsa, ko halittarsa ba ta yi masa ba, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kama abin baki ɗaya. Masana halayyar ɗan Adam suna bayyana shi da cewa tazara ce tsakanin jikin da mutum yake ganin yana da shi da jikin da yake ganin ya kamata ya samu, kuma idan aka duba da kyau za a tarar cewa duka biyun hotuna ne a cikin kai, babu wanda yake tsoka da ƙashi a cikinsu. A shekarar 1954 wani masani Ba'amurke mai suna Leon Festinger ya yi bayanin cewa ɗan Adam, a duk inda babu ma'auni tabbatacce, yakan auna kansa ne da waɗanda yake gani. Bahaushe ya riga ya faɗi rabin wannan magana da ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Rabin da ya rage shi ne tambayar wanda ya koya wa idon ƙimar, da kuma kalmomin da aka koya masa da su.

Kalmar kyau tana da faɗi fiye da yadda masu tallar mai suke amfani da ita. Ita ce amsar da dattijo yake bayarwa idan an kawo masa labari mai daɗi, ita ce a cikin kyan alkawari cikawa da kyan ɗa ya gaji ubansa, inda ma'anarta take dacewa da cika abin da aka yi abu dominsa, kuma daga gare ta aka samu kyautatawa, da ya kyauta, da bai kyautu ba, waɗanda duk hali suke aunawa. Kyan fuska reshe ɗaya ne daga cikin rassanta, reshen ma da harshen yake yi wa kallon tsanaki, tunda ya tanadi kyan ɗan maciji domin abin da yake ɗaukar ido alhali yana ɗauke da dafi. Lokacin da masani Anthony Kirk-Greene ya tattara suffofin mutumin kirki a wurin Hausawa cikin laccarsa da aka buga a 1974, abin da ya lissafa shi ne irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci, ba tare da tsawo ko launi sun samu gurbi ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa mutanen da ba su san tsokana a kan halitta ba. Sun san ta ƙwarai, har sun mayar da ita suna: Dogo da Guntu da Duna da Jatau duk laƙabi ne da aka ciro daga jikin mai su, kuma zambon maroƙa da habaicin kishiyoyi ba su taɓa barin hanci ko haƙori ko ƙwauri sun huta ba. Bambancin yana ga abin da ake tsammani daga wanda aka kira da sunan. Duna yakan rayu yana Duna har ya tsufa ya bar wa jikokinsa sunan a matsayin sunan gida, domin baƙinsa suffa ce, wato abin da ake gane shi da shi, kamar tsagar da wanzami ya yi masa ranar suna, kuma babu wanda ya zo masa da kwalba ya ce ga mafita. Mutum yana iya jin zafin a kira shi mummuna, amma ba ya jin cewa ya yi sakaci, tunda ba a tuhumar kowa a kan abin da babu yadda zai yi da shi.

Maganar fari da baƙi ita ce ta fi kowace zurfi, kuma ita ce aka fi yi wa gaggawar fassara. Gaskiya ne cewa harshen ya jera farin ciki da farin jini da farar aniya a gefe ɗaya, ya jera baƙin ciki da baƙin jini da baƙar magana a ɗaya gefen, kuma yaron da ya tashi yana jin haka kullum ba zai rasa ɗaukar wani darasi daga ciki ba, ko da ba shi aka yi niyyar koya masa ba. Amma jerin bai tafi a miƙe ba, domin farar ƙafa ita ce matar da ake camfa wa tsiya, farin shiga shi ne wanda bai san komai ba tukuna, zabiya kuwa, wanda ya fi kowa farin fata, shi ne ya fi shan tsangwama a hannun yara. A tsohon amfani ma ba fari aka fi ce wa mai hasken fata ba, ja ake cewa, shi ya sa aka samu Jatau da jar fata, sannan a tsakiya ga wankan tarwaɗa, wanda ya ɗauko kamance daga sheƙin kifin da ya fito daga ruwa, kuma yabo ne cikakke ba ta'aziyya ba. Wannan yana nuna cewa abin da ake kwaɗayi ba launin ba ne shi kansa, abin da launin yake ba da shaida a kansa ne. Tun daga 1807, lokacin da mulkin Kano ya koma hannun gidajen Fulani masu jihadi, da kuma tun kafin nan ta hanyar fataken Larabawa da suka zauna a cikin birni, hasken fata da siririn hanci sun samu alaƙa da sarauta da malanta da dukiya, yayin da tarihin bauta ya jingina aikin rana da ƙasƙanci. A cikin gabatarwar littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954 daga bakin wata dattijuwa da ta tashi a yankin Zarewa da ke kudu da Gwarzo, masani M. G. Smith ya lura cewa bayan an hana bauta mata da yawa sun janye daga noma sun shiga kulle domin nuna cewa su 'ya'ya ne. A ƙasar noma irin ta Gwarzo da Kabo, inda damina take dafa fatar duk wanda ya riƙe fartanya, fata mai haske tana faɗin cewa mai ita tana da wanda ya ɗauke mata rana, kuma kalmar da ta fi fallasa wannan ita ce hutu, kamar yadda ake cewa wance 'yar hutu ce, ko hutu ya zauna mata. Kirarin nan na farar mace alkyabbar mata bai ɓoye komai ba, tunda alkyabba tufar sarauta ce.

Ke nan kafafen watsa labarai ba su ne suka shuka irin ba; sun tarar da shi a ƙasa, suka yi masa ban ruwa rani da damina. Ƙasar Gwarzo tana da nata rabon a farkon wannan tarihi, domin Bello Dandago, wanda ya riƙe sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta da hakimcin Gwarzo, yana cikin waɗanda suka fara karanta labarai da Hausa ta rediyo, shi da Isa Kaita, daga birnin Ankara na ƙasar Gana a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Rediyo kafa ce ta murya, kuma shekaru da yawa mai sauraro a ƙauye yana ƙaunar mawaƙi ko ɗan wasan kwaikwayo ba tare da ya san ko dogo ne ko gajere ba. Daga baya gani ya kori ji. Finafinan Indiya, waɗanda suka cika silimun Kano tun wajen shekarun 1960 kuma masana Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu suka yi nazarin tasirinsu, sun zo da labaran auren dole da kunya da biyayya da Bahaushe ya ga kansa a ciki, amma sun zo kuma da ma'aunin kyau na wata al'umma da take da tata tsohuwar cutar launi, al'ummar da aka fara sayar wa man Fair & Lovely a 1975, wanda sai a 2020 kamfanin ya sauya masa suna zuwa Glow & Lovely saboda suka. Littattafan soyayya na kasuwar Kano suka ɗauki ma'aunin suka mayar da shi kamar hadda, ta yadda mai karatu yakan san tauraruwar labari tun kafin a faɗi sunanta, domin ita ce fara doguwa mai dara-daran idanu da dogon hanci da gashi har gadon baya, baƙar kuwa sau da yawa ƙawa ce ko 'yar aiki ko kishiya. Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda aka fara da Turmin Danya a 1990 kuma mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antarsu suna Kannywood a ƙarshen shekarun 1990, suka sa wa haddar fuska. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sannan ta zama mai allo, sai tazarar kilomita 70 ta daina kare kowa, tunda shagon cajin waya da ake tura finafinai a memori ya isa garuruwan da ko silima ba su taɓa gani ba.

An taɓa samun damar auna irin wannan sauyi a wani wuri mai nisa. A tsibiran Fiji, inda al'ada take yabon cikar jiki kamar yadda Hausawa suke yi, talabijin ta isa yankin Nadroga a 1995, kuma Anne Becker da abokan aikinta sun binciki 'yan matan makaranta a wannan shekara, suka sake yi a 1998. A karon farko babu ko ɗaya da ta ce tana jawo amai da gangan domin rage ƙiba, a karo na biyu kuwa kimanin kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi. Shekara uku kacal ke nan.

Inda sauyin ya fi bayyana a Hausa shi ne a cikin wasu kalmomi guda huɗu da suka sami sabon aiki. Ta farko ita ce haske, wadda ta maye gurbin fari a bakin masu sayarwa, domin mai haɗa mai ba ta cewa za ta mayar da baƙa fara, cewa take yi za ta fito mata da haskenta, kamar hasken yana nan a ƙasa baƙin ne ya danne shi irin yadda tsatsa take danne ƙarfe. Da wannan lafazi launin da aka haifi mutum da shi ya koma datti, na kwalba ya koma asali. Ta biyu ita ce gyara. Gyaran amarya tsohon abu ne, na lalle da kitso da turare, daga baya aka ƙara dilka da halawa da suka shigo ta Barno daga Sudan, kuma ma'anarsa ado ne a kan abin da yake lafiyayye, amma gyaran jiki na tallar TikTok ya ɗauko ɗaya ma'anar, ta bakanike, wadda ba a yi sai ga abin da ya lalace. Ta uku ita ce matsala, wadda yanzu ake maƙala wa kowace gaɓa, a ce matsalar baƙin gwiwa, matsalar rama, matsalar tumbi, matsalar ƙarancin gashi, kuma duk abin da aka kira matsala ya zama yana jiran magani, wanda bai nema ba kuwa ya zama mai sakaci. Ta huɗu ƙarama ce amma ta fi su cizo, ita ce amma ɗin da ake sakawa a cikin baƙa ce amma kyakkyawa, wadda ba a taɓa jin an saka wa fara ita ba. Abin takaici ne kuma cewa matasa, idan za su yabi mai duhun fata ba tare da wannan amma ba, sai sun ari bilak biyuti ko kalar cakuleti daga Turanci, alhali wankan tarwaɗa yana nan a ajiye.

Abin da ke cikin kwalbar ba lafazi ba ne. Launin fata yana zuwa ne daga melanin, wani sinadari da fata take yi domin kare kanta daga zafin rana, kuma mayukan bilicin suna aiki ne ta hanyar hana fata yin sa. Haidurokwinon, idan aka daɗe ana shafa shi, yakan jawo wasu baƙaƙen tabbai a kumatu da suka fi launin farko duhu kuma suke da wuyar fita. Magungunan siteroyid masu ƙarfi, waɗanda likita yake rubutawa na ɗan lokaci domin wasu cututtukan fata, suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa. Zaiba kuwa takan ratsa fata ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, ta kuma isa ga ɗan tayi, shi ya sa yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa mata iyaka a kayan shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa adadin kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya a matsayin masu amfani da waɗannan mayuka, adadin da ya kamata a riƙe shi da hankali tunda tushensa bincike ne a kan 'yan kasuwar Legas da aka buga a 2002, amma yawan abin ya isa ya sa hukumar NAFDAC ta kira shi lamarin gaggawa na lafiyar ƙasa a 2023. Al'ummar da ta tura mace ga kwalbar ita ce kuma take jiranta da sunan farin kanti, tana duban gaɓoɓin yatsunta da suka ƙi yin haske domin ta kama ta.

A maganar ƙiba abin ya fi rikicewa, domin ma'auni biyu ne suke jan mutum ɗaya. A tsohon ma'auni, ta yi jiki yabo ne, kuma amaryar da ta rame bayan wata uku abin tuhuma ce ga mijinta da danginsa, domin rama tana nufin ciwo ko yunwa ko ɓacin rai. A yammacin Nijar ma Zabarmawa suna da al'adar hangandi, inda mata suke ƙibanta kansu domin gasa. Wannan ma'auni ne ya haifar da kasuwar abin da Kanawa suka raɗa wa sha-ka-fashe, sunan da ya faɗi gaskiya fiye da masu sayarwa, domin abin da ake sha yawanci deksametazon ne, wanda yake kumbura fuska da tara ruwa a jiki tare da jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi, ko kuma sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da yake buɗe ciki ya sa barci. Sabon ma'aunin allo bai kore tsohon ba, ɗora masa sharaɗi ya yi, ya ce a cika a wasu wurare a shafe a wasu, ƙirar da ko masu nuna ta ba su same ta ba sai da tiyata ko ciko ko dabarar kyamara. Maza ma ba su tsira ba, ko da yake sun fi iya ɓoyewa: tumbin da a da yake shaidar cewa Alhaji ya samu ya koma abin tsokana, kuma saurayin da noma ya murɗe masa damtse yana iya ganin jikinsa bai kai na ɗan fim da ya murɗe nasa a gidan ɗaga ƙarfe ba.

Addini yana da kalmar da ta fi kowace ƙarfi a wannan fage, wato halitta, wadda take mayar da jiki aikin Mahalicci ba aikin mai shi ba, kuma malamai sukan kafa hujja da aya ta 22 ta Suratur Rum, wadda ta sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, da kuma aya ta 119 ta Suratun Nisa'i a kan sauya halitta. Sai dai wa'azin yakan sauka ne a kan mace mai shafawa, ya tsallake saurayin da ya gaya wa gwaggonsa cewa shi fara yake so a nemo masa, da uwar miji da ta fara tambayar launin yarinya kafin tarbiyyarta, da mai shirya fim da ya san irin fuskar da yake ɗauka. Yarinyar da ta ga yayyenta biyu masu haske sun yi aure ita tana zaune, ta koma shafa mai, ba ta yi kuskuren karanta kasuwar ba, kuma kiran abin da ta yi wauta hanya ce ta kauce wa tambayar wanda ya sa farashin.

Mataki na baya-bayan nan ya bambanta da duk na gabansa ta fuska ɗaya. A da ana auna mutum da maƙwabciya, sannan da 'yar fim, yanzu kuwa ana auna shi da kansa, domin filta, wato dabarar da take cikin Snapchat da Instagram da TikTok da ma kyamarar waya mai araha, tana haskaka fata ta sirantar da hanci ta ƙara girman ido tun kafin a ɗauki hoton. Takardun cikin gida na kamfanin Facebook da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa binciken kamfanin da kansa ya gano kimanin kashi ɗaya cikin uku na 'yan matan da suke jin ba daɗi game da jikinsu sun ce Instagram yana ƙara musu abin. A ƙasar Hausa wannan ya haɗu da al'adar neman aure, inda hoto yakan riga mutum isa gidan surukai, a zagaya da shi a waya daga hannun ƙanwar ango zuwa na gwaggo, a yi masa sharhi, a kafa tsammani a kansa. Makonnin da ake ware wa gyaran amarya kafin biki, waɗanda a da na lalle ne da hutawa daga aikin gida, a gidaje da yawa sun koma lokacin da ake ƙoƙarin kawo fuskar yarinya kusa da hoton da dangin miji suka riga suka gani, kafin ranar buɗar kai.